Hannun da Na Sa a Takardar Luzin Gyaɗa

Madarumfa, ranar Alhamis

Assalamu alaikum, uwata. Ina yi maki gaisuwar matafiyi tun ba ki tashi ba. Allah ya kai ki Yamai lafiya, ya tsare ki daga gudun direbobin nan da ba su san akwai lahira ba, ya haɗa ki da mutanen kirki inda za ki sauka. Allah ya sa ki shiga aikin nan da ƙafar dama. Mamanki ta ce in rubuta maki cewa kifin da ta soya yana cikin robar da ke ƙasan jaka, kada ki bari ya kwana biyu ba ki buɗe ba. To, na rubuta, na fita haƙƙinta.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da kike wucewa ta gabanshi sau goma a rana. Kin san halina. Sunanki ma ba na iya kira, tunda na mahaifiyata ne kinka ci, balle in zaunar da ke in dubi idonki in faɗa maki abin da ke cikin takardar nan. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni haka rayuwata take, komai sai ya ƙure nake yin shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce muna cin tuwo kinka ce mani, "Baba, aikin farko da za a ba ni a ma'aikata shi ne in karanta tsofaffin takardun masana'antun da sunka mutu a jihar Maraɗi, in rubuta abin da ya kashe kowace, don gwamnati na son tada wasu. Har da luzinmu ta man gyaɗa." Kina murna. Na ce Allah ya taimaka, na tsame hannuna daga kwano. Mamanki ta zaci ciwon cikina ne ya motsa.

Ga abin da ya tsame mani hannu. A cikin takardun da za a ɗora maki akwai wata mai ɗauke da sa hannuna, a matsayina na shugaban ƙungiyar manoma a lokacin. Abin da ke cikinta ƙarya ne. Idan kinka yarda da ita don kin ga sunan ubanki a ƙasa, za ki rubuta dalilin da ba shi ne ba, kuma da rubutunki za a sake dawowa kan mutanen nan namu. Don haka ki zauna ki karanta, in ɗauko maki tun daga farko. Ke kina goye lokacin, ba abin da kinka sani sai kangon da kuke wucewa in za ku lakwal, wato makarantar boko.

Da anka ce za a kafa luzin, wallahi maganar da anka zo da ita mai kyau ce, har yau ban ce mummuna ba ce. Cewa anka yi, don me za mu noma gyaɗa, a loda ta ɗanya a ƙetare da ita, sannan a dawo mana da mai cikin jarka mu saya? A matse ta nan, 'ya'yanmu su samu aiki, tunkuzar ta zama abincin bisashenmu. Wane mahaukaci zai ƙi wannan? An zaɓe ni shugaba don kawai na yi lakwal shekara shida, ina iya karanta takardar Faransanci ba tare da na juya ta kai ƙasa ba. Anka ba ni keke da hula. Kai, uwata, da kin ga ubanki! Safo, ƙauyukan bayan tabki, har zuwa hanyar Ɗan Issa, babu inda ban taka ba. Ina tsayawa a dandali in ce, "Ku rage hatsi, ku shuka gyaɗa. Luzin za ta saye duka, da kuɗin sai ku sayi hatsin da kuke so." Wani tsoho a Safo, mai ido ɗaya, ya ɗaga sandarshi ya ce, "Yaro, in injin ya yi zazzaɓi fa, ƙarfen za mu dafa?" Mutane sunka yi dariya, ni ma na yi. Na ce mashi injin Turawa ba ya zazzaɓi. Don in nuna da gaske nake, gonar kakanki ta tudu, wadda tun da na buɗi ido hatsi ake zubawa cikinta, na shuke ta gyaɗa kaf.

Kuskurena na farko ke nan. Na yi wa mutane alkawari da bakin wani, kan abin da ban taɓa gani yana aiki ba. Duk tsarin da za a kawo gabanki, komai kyan zanenshi, ki fara tambaya: idan abin nan ya tsaya shekara ɗaya, me mutanen za su ci? In ba a ba ki amsa ba, kada ki sa hannu. Mai albashi yana iya gwaji ya faɗi, wata ya ƙare a biya shi. Manomi damina ɗaya gare shi a shekara.

Na biyu ya fi yi mani ciwo, don a cikin gida ya faru. Kin tashi kin tarar da Gwaggonki Tasalla, yayata, tana sayar da ɗan gishiri da magi a kan faifai, kina tsammani haka take tun asali. A'a. Matar nan ita ce sarauniyar mai a unguwarmu. Mata takwas ke aiki a tsakar gidanta, masu suya, masu kai niƙa, masu murza, masu tuyar ƙuli. Ranar kasuwa tun daga Maraɗi ake zuwa ɗaukar man nata. Da shi ta aurar da 'ya'yanta, da shi ta saya mani rigar da na shiga lakwal da ita. Da luzin ta kusa buɗewa sai doka ta fito, wai don a kare ta: ba a fitar da gyaɗa waje, ba a kuma sayar wa kowa da buhu sai ƙungiya. Ni ne mai tsaron dokar a nan.

Ta zo ta same ni da hantsi ina wanke keke. Ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Isuhu, an ce kai ne ka hana a sayar mani da gyaɗa."

Na ce, "Yaya, ba ni ba ne, gwamnati ce."

Ta ce, "Gwamnatin ce na yi wa wanka tana ƙarama? Saurara. In taimako suke so su yi, ka ce masu su sayo mana ƙananan injin niƙa irin na Katsina, wanda in ya lalace ana samun kayanshi a kasuwa. Guda goma sun ishe mu. Mu mun san aikin, hannu ne kawai ke gajiya."

Na yi dariya, Allah ya yafe mani. Na ce gwamnati ba ta wasan yara, masana'anta ake magana, ba tuyar ƙuli ba. Ta dube ni tun daga hula har takalmi ta ce, irin yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, "To, mushe. Allah ya ba da sa'a." Ba ta sake tada maganar ba har ta koma ga Allah. Matan nan takwas sunka watse, kaskon tuyarta ya zama abin ba awaki ruwa.

Ki ji ni da kyau. Masana'anta muna da ita tun kafin a kawo mana, ba ta dai da allo a ƙofa, shi ya sa ba wanda ya ƙirga ta. Mun kashe wadda ke numfashi don mu share wa wadda ba a haifa ba wuri. In an aike ki wani gari ki ga me za a kafa, kada ki tsaya a biro, wato ofishin magajin gari. Ki zaga bayan gidaje, ki bi hayaƙi da ƙarar guduma. Wanda kinka tarar yana aikin da hannunshi, shi za ki tambaya abin da ya rasa. Sau da yawa abin da zai ce ƙarami ne, har ki ji kunyar rubuta shi a rapor, wato rahotonki. Ki rubuta.

Injin ya zo a kan manyan motoci uku, an yi guɗa. Littafinshi da wani harshe yake wanda ko direktan luzin bai san kanshi ba. Masu haɗawa sunka haɗa, sunka ci rago, sunka koma ƙasarsu. Anka bar shi hannun Yakuba, wani makaniki Kirista daga Maraɗi, mutum gajere mai ɗan gemu, wanda ke sa kunne jikin ƙarfe ya gaya maki inda ke ciwo. Damina ɗaya injin ya yi aiki, shi ma rabi da rabi, don kuran ɗin, wato wutar lantarki, daga Nijeriya yake zuwa, in ya zo da safe ba shi kai azahar. Amma na ga mai yana zuba, na tara hannu na ji shi da ɗumi, na shafa a fuska. Ranar na yi hawaye, ba na ɓoye maki.

A kaka ta biyu wani dogon ƙarfe mai murɗiya, wanda shi ke matse gyaɗar, ya tsage. Yakuba ya ce a ba shi shi ya kai Kano, akwai masu zubin ƙarfe da za su kwaikwaya, ko bai kai na asali ba zai kai mu ƙarshen kaka. Direkta ya ce ina! Yarjejeniyar da anka yi da masu injin ta hana kowa taɓa shi sai su. Za a rubuta wa Yamai. Daga baya na gane bai rubuta ba, yana tsoron a ce a hannunshi abu ya lalace. Buhunan gyaɗa na jibge a sito, ƙwari sunka shiga, ƙasan ya fara funfuna. Anka daina karɓar ta manoma, kuma dokar hana sayarwa tana nan daram.

To me kike so mutum ya yi? Rumbu babu hatsi, ɗaki cike da gyaɗar da ba mai saye. Sai mutane sunka fara bin hanyar daji da amalanken jakai, su ɓulla bayan Ɗan Issa, su ba 'yan uwansu na ƙetare, su dawo da hatsi. Ni kuwa ina tsayawa bayan sallar Juma'a ina zagin su, ina cewa maciya amanar ƙasa ne. Ranar Asabar kuma in ba kawunki tawa gyaɗar ya haɗa da tashi ya bi da ita hanyar nan. Hatsin da anka dama maki kunu da shi a shekarar, ta nan ya shigo. Mamanki ta sani, ba ta taɓa ce mani komai ba, sai dai in na dawo daga wa'azina ta ce, "Sannu da aiki, shugaba," ta ajiye mani ruwa.

Kada ki taɓa rubuta dokar da mai tsaronta ma ba zai iya bin ta ba. Ku a Yamai iyaka layi ce a taswira. Mu nan surukai ne da kawunnai, kasuwarsu tamu ce tun kafin a haifi wanda ya ja layin. In luzin na aiki tana saye da daraja, ba sai an sa ɗan duwan mai tsaron iyaka ya tare kowa ba, da ƙafarshi zai kawo.

Yanzu na zo kan takardar. Na daɗe ina kewaye-kewaye, kin gani.

Wata uku injin na tsaye sai direkta ya kira ni ya ce baƙi na zuwa daga Yamai ranar Alhamis, su ga yadda luzin ke tafiya. Ya ce, "Malam Isuhu, in sunka ga haka, rufewa za su yi su kai wani gari. Ka san kunyar da za mu sha." Kwana uku muna shiri. Anka shafe bango da farar ƙasa. Anka janye ruɓaɓɓun buhuna baya, anka jera masu kyau a gaba. Anka aika Maraɗi anka sayo man jarka, irin na waje, wanda anka kafa luzin don a daina sayen shi, munka ɗura a kwalabenmu masu tambarinmu. Da hannuna na riƙe mazurari. Sauran anka zuba a tankin sama don in an buɗe famfo a ga yana zuba. Anka yi hayar janareta don bel ɗin injin ya riƙa juyawa ana jin ƙara. Yakuba ya ce shi ba ya cikin wannan, sai anka ce ya zauna gida ranar.

Baƙi sunka zo da motoci huɗu. Babbarsu wata mace ce mai furfura, Bazabarma, Hausarta a karye amma tana ƙoƙari. An yi kiɗa, an yi jawabi, an buɗe famfo mai ya zuba, an tafa. Ita ba ta tafa ba. Da anka tafi cin abinci sai ta ja ni gefe ƙarƙashin itacen bedi, ta sa anka kawo kujeru biyu, ta ce, "Baba shugaba, ni na zo da alƙalami. Abin da ka faɗa, shi zan kai. Mene ne damuwarku?"

Uwata, kin san yadda anka rene mu. Mutum na kwance rai a hannun Allah, a ce ina gajiya, ya ce babu gajiya. Baƙo ba a tarbar shi da kuka. Wanda ya ba ka kyauta ba ka ce mashi ta fashe. Ga direkta can yana leƙe, ga masu gari an zauna da manyan riguna. Sai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau, Madam. Sai godiya."

Ta ce, "Babu komai? Injin yana lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ta ajiye alƙalamin a cinya ta ce, "Baba, na yi tafiya mai nisa. Ka taimake ni in taimake ku."

A daidai nan munka ji murya daga bakin ƙofa. Yakuba ne, ya zo duk da an hana shi, masu gadi sun tare shi. Yana cewa, "Madam! Ki taɓa man nan ki ji! Man da anka matse yanzu da ɗumi yake fita. Ki taɓa ki ji in da ɗumi!"

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Wane ne wannan?"

Kalma ɗaya ta rage a tsira. In ce makanikinmu ne, ki saurare shi. Abin da na ce shi ne, "Wani ne da anka sallama, yana da jin haushi. Ba ma ɗan garin nan ba ne, ba namu ba ne." Na san abin da nake nufi da ba namu ba, duk wanda ke wurin ma ya sani. Mutumin da ya ci tuwo a gidana, wanda ya ɗauki Mamanki a babur ya kai ta likita ranar da za ta haife ki.

Matar ta ɗauki alƙalaminta. Sannan ta ce to me ya sa man da ake fitarwa bai kai yadda anka tsara ba? Direkta ya matso da amsa a shirye: manoma ne ba su kawo gyaɗa, suna karkatar da ita Nijeriya. Anka rubuta haka. Inji lafiya, ma'aikata lafiya, matsala ita ce rashin haɗin kan manoma da son kuɗin ƙetare. Anka miƙo mani, na karanta, na fahimci kowace kalma, na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mani wuya.

Ƙarfen bai taɓa zuwa ba. Wa zai aiko da magani gidan da anka ce kowa lafiya? Abin da anka aiko shi ne ƙarin masu tsaron hanya. Anka kama amalanke da jakai, anka zubar da mutuncin dattawa a gaban 'ya'yansu. Daminar da ta biyo ruwa ya ɗauke da wuri. Ba na son in ba ki labarin shekarar nan, ki tambayi Mamanki in kina da ƙarfin zuciya. Tsohon nan na Safo bai ga kaka ba. Ban ce ni na kashe shi ba, rai na Allah ne, amma ban iya zuwa gaisuwa ba. Direkta anka yi mashi canjin wurin aiki, na ji har gaba ya ci. Yakuba anka kore shi da gaske. Luzin ta rufe ba tare da an ko sanar ba, wata rana dai munka ga babu mai gadi.

Bayan shekaru injin ban-ruwana na lambu ya lalace, anka ce akwai wani gwani a Maraɗi. Na ɗauka na kai, sai ga Yakuba, gemun ya yi fari. Na so ƙasa ta tsage. Ya tashi ya ba ni benci ya ce, "Malam Isuhu, ina iyali? Ina 'yar jaririyar nan?" Ya gyara, ya gwada, ya ɗora mani a mota. Na buɗe baki in nemi gafara, sai na ji ina cewa Allah ya saka da alheri. Ya rasu bara waccan. Ban faɗa ba.

Kin sha gaya mani labarin ƙasashen da kunka karanta a jami'a, wai da can talakawa ne kamar mu, gwamnatinsu ta tsaya wa masana'antunsu, yau su ke ƙera wayar da ke hannunki. Kin ce asirinsu shi ne wanda anka taimaka bai yi aiki ba, a janye a ba wani. Ina jin ki, ina gyaɗa kai. Amma a raina cewa nake, kafin a janye ai sai an san bai yi ba. Can akwai wanda ke iya tsayawa gaban babba ya ce inji ya lalace, kuma ya kwana da aikinshi. Mu fa? Daga mai gadi har minista kowa lafiya lau yake aika wa na sama da shi, har ƙaryar ta isa inda ake yanke shawara ta zama gaskiya mai hatimi. Na ga gwamnatoci sun zo sun wuce, masu babbar riga da masu kaki, kowace da rantsuwar cewa daga yau za mu sarrafa namu da kanmu. Har gobe fatar akuyarmu ke fita mu sayi takalmi, tumatirin bakin tabki na ruɓewa a kwando muna sayen na gwangwani. Yayanki da nake cewa zai zama shugaban ma'aikata a luzin, ga shi can yana jigilar jarkokin fetur a babur, kullum Mamanki na jiran mummunan labari. Gaskiya, uwata, ni na fid da rai. Ba na jin zan ga gyara, kuma ba na jin ke ma za ki gani. Uba bai kamata ya faɗa wa ɗiyarshi haka ranar tafiyarta ba, amma na gaji da lafiya lau.

Duk da haka ga abin da nake roƙon ki. In kinka je wuri anka tarbe ki da kiɗa da sabon fenti, ki san akwai abin da anka rufe. Kada ki tambayi mutum damuwarshi a gaban wanda ke iya korar shi. Kada ki tambayi mai hula irina, mu an horar da mu godiya. Ki je ba sanarwa, ranar da ba ta kasuwa ba. Ki nemi wanda anka ce ya zauna gida ranar. Kuma ki taɓa da hannunki, komai za a ce maki. Matar nan mai furfura mutuniyar kirki ce, ta tambaye ni har sau uku, amma ba ta tashi daga kujera ta taka zuwa famfon ba. Taku ashirin ne.

Wataƙila kina cewa a ranki, to ai Baba ya tuba, ya gane, in anka sake zuwa zai faɗi gaskiya. Ni ma haka na zata. Watan jiya anka kira taro a meri, ofishin magajin gari, wasu samari sunka zo daga Yamai da na'urar haska bango, sunka nuna mana hoton sabuwar luzin. Ɗaya daga cikinsu ya ce sun yi nazari, abin da ya kashe ta farko rashin haɗin kan manoma ne, don haka wannan karon kowane gida zai yi rajistar gonar da zai ware wa gyaɗa, kuma za a tsaurara tsaron hanya. Maganata ce yake karantowa, kalma da kalma, shi bai sani ba. Sai magajin gari ya ce ga dattijon da ya riƙe ƙungiya a wancan lokaci, ya yi mana jawabi. Na miƙe. Wallahi komai na bakina, na ma shirya yadda zan fara. Na dubi yaran nan, sa'o'inki ne, sun sha hanya, an ajiye masu lemo. Na dubi mutanen gari. Na ce mun gode, Allah ya saka wa gwamnati da alheri, mu masu biyayya ne. Anka tafa mani. Ban gaya wa kowa a gida ba, na ce taron allurar dabbobi ne.

Kin ga ke nan ba a gyara ni. Bakina ba zai iya ba, ko sau nawa za a ba shi dama. Hannu ne ya yi ɓarnar, shi na sa ya rubuta wannan. Rajistar gonaki an ce bayan sallah za a fara, kuma abin da za ki rubuta yana cikin abin da za a duba kafin nan.

Wasiƙar nan taki ce. In kin ga dama ki ɗora ta a kan waccan takarda ki kai wa shugabanki. Zan sa hannu a ƙasa irin yadda na sa a can, su gwada su gani mutum ɗaya ne. Na san abin da hakan ke nufi gare ki. Sabuwar ma'aikaciya, satinki na farko, a ce ga ɗiyar wanda ya ɗura man jarka a kwalba. Za a yi dariya a bayanki, wataƙila ma a ture rapor ɗin a ci gaba da abin da anka riga anka shirya, don na san ba a cika fasa abin da anka haska a bango ba. In kin ga zai taɓa aikinki, ki ƙona ta. Ba zan tambaye ki ba, kuma ba ni da bakin da zan ga laifinki. An ce kyan ɗa ya gaji ubanshi. Ke dai kada ki gaje ni a nan, in kina iyawa.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya ba ki shugaban da ke son jin gaskiya, in babu shi ya ba ki haƙurin zama da wanda kinka samu. Ya kare ki daga ciwon baƙon wuri da sharrin mai murmushi. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci, kin cika wasa da ciki. Ki gaida mutanen gidan da za ki sauka, ki ce na gode da riƙon amana.

In kin isa ki kira Mamanki ta ji muryarki, ba za ta runtsa ba sai ta ji. Ni kada ki ce a ba ni wayar tukuna. In kin tambaye ni ya nake, kin san abin da zan ce.

Babanki,
Isuhu